Karɓa-karɓa a Teburin Laburare: Fa'idodi da Illoli

Ɗalibin da ya taso daga garin Ƙofa ya tafi karatu Kankiya, ko Dutsin-Ma, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, wanda zai fara tararwa a laburare shi ne mai zaman tebur. In littafi ya ɓata shi ake tuhuma, in an ɗauke wuta shi ake harara, in ya ce a rage surutu a ce ya cika iyayi. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa gajiyar da matsin aiki ke tarawa har ta karya mutum matsala ce ta wurin aiki. Maganin da shugabanni suka fi saurin kawowa shi ne karɓa-karɓa, wasu safe wasu yamma.

Fa'idar ba ɓoyayya ba ce. Wanda ya tashi da azahar zai leƙa gonarsa da damina, mai goyo ta samu sararin kai yaro asibiti. Mutumin da ya huta ba ya ɗaure wa mai neman littafi fuska. Su kuma ɗalibai sai su samu ƙofa a buɗe har bayan isha'i lokacin jarrabawa.

Sai dai tsarin yana cin mutane. Inda ma'aikata biyu ne kacal, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ɗaya, ɗan'uwansa zai haɗa safe da yamma. Aikin dare kuwa galibi ƙananan ma'aikata yake faɗa wa, waɗanda abin da suke ɗauka bai yi wa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 nisa ba. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kuɗin acaba ya yi tsada, balle da dare, ga fargabar hanya da kowa ya sani a wannan yanki. Da azumi ma a bakin tebur na yamma zai sha ruwa. Akwai kuma rikicin miƙa aiki: na safe ya ba da aron littafi bai rubuta ba, na yamma ya sha faɗan.

A ganina karɓa-karɓa ba zai rage wahala ba sai an ƙaro ma'aikata, an biya alawus ɗin dare, jadawalin kuma ya zagayo kan kowa har da manya. Muna roƙon shugabannin makarantu da hukumar laburare ta jihar Katsina su duba wannan kafin jarrabawa mai zuwa.