Macijinmu, Makarin Wasu

Akwai wani irin aiki a jami'o'inmu wanda jama'a da yawa, har da waɗansu 'yan'uwanmu ɗalibai, suke yi wa kallon ɓarnar kuɗi, watau aikin likitan dabbobi da yake ɗiban jinin ɓauna ko gwanki yana aunawa, ko yake tatsar dafin maciji a ɗakin bincike. Sau da yawa akan ji ana cewa, mutane ba su sami magani ba, ina ta naman daji? Ra'ayinmu shi ne, wannan aiki yana cikin waɗanda ran talaka ya rataya a kansu, sakacin da muka yi da shi kuwa ya jawo mana hasara mai yawa.

Mu fara da maciji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. A ƙasarmu babu macijin da ya kai kububuwa ɓarna, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa. Dafinta yana cinye abin da yake sa jini ya daskare, sai jini ya yi ta tsiyaya ta dasashi da bakin rauni. Manomi da makiyayi su ne abincinta, musamman da damina a kwarin Binuwai, asibitin Kaltungo kuwa shaida ne.

A shekarun 1970, Dakta David Warrell da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi nazarin saran kububuwa, suka bayyana wani gwaji mai sauƙi: a zuba jinin wanda aka sara a busasshiyar kwalba mai tsabta, a jira minti 20, in bai daskare ba to dafi ya shiga. Har yau da wannan gwaji ake aiki a asibitocin karkara na ƙasashe da yawa. Ilmin daga nan ya tashi. To, ina makarin?

Makarin dafi aikin likitan dabbobi ne tun daga tushensa. Ana tatsar dafin, a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurarsa kaɗan-kaɗan har watanni, sa'an nan a ɗebi jininsu a tace garkuwar da jikinsu ya yi. Makarin EchiTAb da aka gwada a Kaltungo, daga dafin macizan Nijeriya aka yi shi, amma macizan sai da aka kai su Libaful ta Ingila, tumakin suna Wales, dawakin suna Kosta Rika. Namu maciji, namu majinyaci, sauran aikin duk na wasu. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci kuwa, ran da maƙwabci bai hura wuta ba sai ya kwana da yunwa. Haka aka yi da kamfanin Sanofi ya daina yin makarin Fav-Afrique a 2014. Ba kuma kowane makari ne yake yi ba: a wani asibitin karkara a Gana, da aka koma ga makarin da aka yi da dafin macizan Indiya, mace-mace suka tashi daga kashi 1.8 cikin ɗari zuwa 12.1.

Maganar jinin namun daji ma haka take. Likita ba ya gane mara lafiya sai ya san ma'aunin mai lafiya, ma'aunin saniya kuwa ba na ɓauna ba ne. Firgitar kamu kaɗai tana sauya yawan jajayen ƙwayoyin jini, saboda haka sai an auna dabbobi da yawa, rani da damina, kafin a tsai da ma'auni. Amfaninsa ga makiyayi a fili yake. Namun daji suna ɗauke da ƙwayar sammore ba tare da sun kwanta ba, tsando ya kai ta ga shanu. Annobar bushiya ta 1983 ba ta bambanta garken Fulani da ɓaunan Yankari ba, kuma gwajin jinin namun daji yana cikin hujjojin da aka tara kafin a shelanta kawar da ita daga duniya a 2011.

Kada a ce ba mu iya ba. Ɗakin binciken Vom, da aka kafa a 1924, da yin maganin bushiya daga jinin shanu ya fara aiki. Ƙasar da ta yi wannan tun zamanin Turawa, ba doki ko tunkiya za su gagare ta ba.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jami'o'i su haɗa sashen likitancin dabbobi da na mutane a kan wannan aiki, su tanadi gidan macizai da wurin ajiyar jini mai wutar da ba ta yankewa. Ku kuma samarin ma'aikata, da hannunku fayil ɗin kasafi yake bi. In kun ga layin bincike, ku tuna da manomin da aka ɗauko daga gona a kan babur kafin ku ja masa jan alƙalami.