Alƙalan Salem Ba Jahilai Ba Ne

Duk shekarar da muka karantar da wasan kwaikwayon Arthur Miller mai suna The Crucible, amsa guda ce ke dawo mana a takardun jarrabawa, sai ka ce an yi wa ɗalibai bitarta: wai mutanen Salem sun rataye maƙwabtansu a 1692 saboda jahilci da camfi. Ɗalibi ya rubuta haka ya ajiye alƙalami ransa fes, domin ya san shi ɗan jami'a ne, abin bai shafe shi ba. Mun ji irin wannan magana har daga bakin abokan aikinmu. Mun daɗe muna ba ta maki, amma yanzu mun daina, domin tarihi bai goyi bayanta ba.

'Yan Furitan Kiristoci ne da suka yi ƙaura daga Ingila zuwa Masacusets ta Amurka, akasarinsu daga 1630, saboda suna ganin cocin Ingila bai gama tsarkaka ba. Tun a 1636 suka kafa kwalejin Harvard. A 1647 suka yi dokar da ta wajabta wa duk garin da ya kai gida hamsin ɗaukar malamin karatu da rubutu, kuma hujjar da dokar ta kafa ita ce Shaiɗan na amfani da rashin karatu ya raba mutane da Littafi. Mutane ne masu sauraron wa'azi safe da yamma ranar Lahadi, masu rubuta zunubansu a kundi suna bin diddiginsu. A duniyar wancan zamani da wuya a sami al'ummar da ta fi su yawan masu karatu.

A farkon 1692 'yar limamin ƙauyen, Samuel Parris, mai shekara tara, da 'yar'uwarta mai shekara goma sha ɗaya suka fara faɗuwa suna ihu. Aka matsa musu su faɗi mai cutar da su, suka ambaci mata uku, cikinsu har da Tituba, baiwar limamin. A watan Mayu Gwamna William Phips ya kafa kotu ta musamman. Shugabanta, William Stoughton, ya yi karatu a Harvard da Oxford. Samuel Sewall da ke zaune tare da shi ɗan Harvard ne. Wannan kotu ce ta yarda da shaidar kurwa, wato yarinya ta rantse cewa kurwar wance ta zo cikin dare ta shaƙe ta, a karɓa, alhali babu wanda ya gani sai ita. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan: majiyyaci ya ambaci sunan tsohuwa cikin zafin ciwo, a ce mayya ce, a sa ta tsallake shi. Amma a Salem magatakarda ne ke rubutawa, alƙali ya sa hannu, hukuma ta sayi igiya.

Ba a nan ma gizo ke saƙar ba. Tsarin da masanan nan suka bi shi ne wanda ya amsa laifi a bar shi da rai, wanda ya musa a rataye shi. Fiye da mutum hamsin suka amsa cewa su mayu ne, kuma amsa laifi ba ya cika sai ka kira sunan wanda kuka yi taron dare da shi. Ta haka zargi ya haifi zargi har ya hau kan mutum wajen ɗari biyu. Goma sha tara da aka rataye, mata goma sha huɗu da maza biyar, su ne waɗanda suka ƙi yi wa kansu ƙarya. Rebecca Nurse, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗaya, masu taya alƙali hukunci sun wanke ta, Stoughton ya ce su koma su sake tunani, suka dawo da hukuncin kisa. George Burroughs tsohon limamin ƙauyen ne, shi ma ɗan Harvard. Ya karanta addu'ar da aka ce maye ba ya iya kammalawa, tiryan-tiryan a gindin igiya, jama'a suka fara raurawa, sai Cotton Mather, malamin da ya fi kowa rubuce-rubuce a ƙasar, ya kwantar musu da hankali aka ci gaba. Talakawa sun so su tsaya, malami ya ce a ja. Giles Corey kuwa da ya ƙi buɗe baki a kotu, duwatsu aka jibga masa har ya cika.

Shi kansa Miller yana da nasa alhakin. Ya ƙara wa Abigail Williams shekaru zuwa goma sha bakwai, ya rage na John Proctor wanda a gaskiya ya kai sittin, ya ƙulla musu soyayyar da ba ta cikin takardun shari'ar. Wasan ya yi armashi, amma ya ba mai karatu mafaka: sai a ɗora komai a kan kishin budurwa, a manta da masu manyan riguna.

Duk da haka Miller ya gane tsarin, domin a cikinsa yake zaune. A Fabrairun 1950 Sanata Joseph McCarthy, lauya kuma tsohon alƙali, ya ɗaga takarda a garin Wheeling ya ce sunayen 'yan gurguzu ne da ke aiki a ma'aikatar harkokin waje. Tun 1947 kwamitin majalisar wakilai ke kiran masu shirya finafinai, kuma ƙa'idar ita ce ta Salem: ka tuba, ka kira sunaye, ka koma bakin aikinka. A 1952 Elia Kazan, abokin Miller, ya kira sunaye takwas. A 1953 aka fara nuna wasan. A 1956 aka kira Miller ya ƙi kiran sunan kowa, aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958.

To ina jami'o'i, gidan namu? A 1949 hukumar Jami'ar Kalifoniya ta wajabta wa malamai rantsuwar cewa su ba 'yan gurguzu ba ne. Mafi yawansu suka sa hannu, aka kori talatin da ɗaya da suka ƙi a 1950, sai a 1952 kotu ta ce a mai da su. A 1953 ƙungiyar shugabannin manyan jami'o'in Amurka talatin da bakwai ta fitar da sanarwa cewa ɗan jam'iyyar gurguzu bai cancanci aikin koyarwa ba. Shaihunan malamai ne suka zauna a kwamitoci suna yi wa abokan ofis tambayoyi, da ajanda da rahoton taro.

Za a ce mana mayu ƙarya ne amma 'yan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet gaskiya ne, kuma takardun Venona da aka fitar a 1995 sun tabbatar. Mun yarda. Sai dai masu fasa saƙonnin sirri ne suka gano su, ba rantsuwar Kalifoniya ba. Mutanen Salem ma suna da abin tsoro na zahiri: yaƙi na ci a iyakarsu ta arewa, 'yan gudun hijira sun cika gari. Ruwa ba ya tsami banza, amma tsamin ruwa bai taɓa zama shaida a kan Rebecca Nurse ba.

Gwamna ya rushe kotun a Oktoban 1692. A Janairun 1697 Sewall ya miƙe tsaye a coci a Boston, liman na karanta takardar tubarsa a gaban jama'a. Stoughton bai taɓa neman gafara ba. Ya riƙe mulkin lardin a matsayin muƙaddashin gwamna, ya rasu a 1701 da girmansa, aka sa wa wani gari sunansa, kuma har yau akwai ɗakin kwanan ɗalibai a Harvard da ake kira Stoughton.