Kura da Shan Duka: Wa Ke Gina Ƙungiyar Ƙwallo?

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo ya san yadda muke yanke hukunci. Ƙungiya ta sha kashi sau uku a jere, sai a ji ɗaki ya ɗauka da murya ɗaya: a kori koci. Ni ma na sha furta hakan cikin zafin rai. Amma da na riƙa bin diddigin yadda ake haɗa ƙungiyoyi a Turai, sai na fahimci cewa sau da yawa kura ce ke shan duka, gardi kuma na kwasar kuɗi. Wanda ya sayo 'yan wasan yana ofis, kocin da aka miƙa masa su shi ke tsaye a bakin fili yana shan ihu.

Labarin Leicester City ya isa misali. A 2016 wannan ƙungiya, wadda shekara guda kafin nan da ƙyar ta tsira daga faɗuwa, ta ɗauki kofin Firimiyar Ingila da maki 81. Duniya ta yi ta jinjina wa Claudio Ranieri, kuma ya cancanta. Sai dai Ranieri ya zo ne a watan Yulin 2015, ya tarar an riga an aza harsashi. An sayo Jamie Vardy daga Fleetwood Town tun 2012 kan fam miliyan 1, lokacin yana buga wa ƙaramar ƙungiyar da ba a ganinta a talabijin. An ɗauko Riyad Mahrez daga Le Havre ta Faransa a farkon 2014 kan kuɗin da bai kai rabin fam miliyan ba. N'Golo Kanté ya zo daga Caen kan fam miliyan 5 da wani abu. Mutumin da ke jagorantar zaƙulo waɗannan 'yan wasa shi ne Steve Walsh, wanda mafi yawan magoya baya ba su ma san kamanninsa ba.

Da labarin ya tsaya nan, da sai mu ce Walsh ne gwanin, mu rufe littafi. A watan Yulin 2016 Everton ta ɗauke shi, ta naɗa shi daraktan harkokin wasa, ta kuma damƙa masa kuɗin da bai taɓa gani ba a Leicester. A bazarar 2017 ƙungiyar ta sayar da Romelu Lukaku ga Manchester United kan fam miliyan 75, sannan ta kawo Wayne Rooney da Davy Klaassen da Gylfi Sigurdsson, wanda shi kaɗai ya laƙume kusan fam miliyan 45. Dukkan ukun sun fi son wuri guda a fili, wato bayan ɗan gaba, alhali gurbin mai zura ƙwallo da Lukaku ya bari na nan a buɗe. A watan Oktoba aka kori koci Ronald Koeman. Walsh kansa bai wuce Mayun 2018 ba.

Idon Walsh bai lalace cikin shekara guda ba. Abin da ya sauya shi ne tsarin da yake aiki a ciki. A Leicester kowa ya san irin wasan da za a buga: a tsare gida, a ƙwace ƙwallo, a jefa wa masu gudu. Don haka kowane saye yana amsa wata buƙata takamaimiya. A Everton an shiga kasuwa da aljihu cike, ba tare da an tsaida salon wasa ba, sai aka riƙa sayen suna.

Mu a nan muna da namu rabon a wannan labari. A Yulin 2016 Leicester ta sayi Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, daga CSKA Moscow kan kusan fam miliyan 16. Zamansa bai yi armashi ba, har aka mayar da shi aro Rasha a farkon 2018, mutane da yawa kuma suka ce ya gaza. Watanni kaɗan bayan haka ya zura wa Iceland ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya. A ganina an sayo shi ne zuwa ƙungiyar da tuni take da Vardy mai irin gudunsa, alhali babban giɓin da ya buɗe a lokacin shi ne na Kanté, wanda ya koma Chelsea ya sake cin kofin a can. Ranieri ne ya biya bashin: an sallame shi a Fabrairun 2017, wata tara kacal bayan ya ɗaga kofi.

Saboda haka idan zan auna mai gina ƙungiya, ba na fara duba teburin maki na kaka ɗaya. Ina tambayar ko ɗan wasan da aka kawo ya cike gurbin da ake da shi, da nawa aka kashe idan an kwatanta da abin da ya haifar, da kuma ko an tanadi magaji kafin tauraro ya tafi. Waɗannan amsoshi ba sa bayyana sai bayan kaka uku ko huɗu, kuma kocin da ya tarar da 'yan wasa ba shi ya kamata ya ɗauki dukkan alhakinsu ba.

Shugabannin ƙungiyoyinmu na gida, musamman waɗanda gwamnatocin jihohi ke ɗaukar nauyinsu, ya dace su yi nazarin wannan. Sauya koci abu ne mai sauƙi, kuma yana kwantar da hankalin magoya baya na ɗan lokaci. Amma kafin a sake miƙa wa wani takardar sallama, a fito a faɗa mana wa ya zaɓi 'yan wasan, da wane ma'auni, kuma nawa aka kashe na dukiyar jama'a. Mu ma 'yan kallo, ranar da muka sake tashi za mu yi ihun a kori koci, mu fara neman sunan mutumin da ke ofis.