Ƙungiyoyin Yamai na neman 'yan gaba, amma ba sa bin hanyar Balleyara

Duk farkon kakar wasa kuka ɗaya ake ji daga manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Nijar: akwai masu tsaron baya, akwai 'yan tsakiya, amma babu ɗan gaba mai gudu da zai karɓi ƙwallo ya keta ya jefa a raga. Wanda ya ɗan yi fice ba ya daɗewa, kafin a ankara ya tsallaka Aljeriya ko Libiya ko Ghana. Kuma matuƙar ana ci gaba da neman 'yan wasa yadda ake yi yanzu, damar da waɗannan ƙungiyoyi ke da ita ta samun gwanaye tun suna ɗanye ba ta da yawa.

AS FAN ta soja ce, USGN ta jandarma, AS GNN ta dakarun Garde Nationale, AS Douanes ta ma'aikatan duwan. Dukansu a Yamai suke, haka ma Sahel SC da Olympic FC. Idonsu bai cika wuce filayen unguwannin birnin ba, inda kowa ya san kowa, ana ta wawason yara ƙalilan.

Balleyara kuwa tafiyar kusan kilomita 100 ce daga Yamai a kan hanyar Filinge. Duk ranar Lahadi dillalan dabbobi na yin sammako daga babban birni su je kasuwarta, su duba haƙorin sa, su taya, su loda a mota. Mai neman ɗan wasa ne kawai ke ganin wurin da nisa. Alhali daga Tagazar zuwa Damana, Bonkoukou har cikin ƙasar Kurfai, matasa na buga gasar hutun damina a kan rairayin Dallol Bosso, galibi da riguna da ƙwallayen da 'yan ci-rani suka aiko daga Abijan ko Kumasi. Abin ban takaici, babban filin wasan ƙasar sunan Janar Seyni Kountché yake ɗauke da shi, ɗan Fandou, a wannan yanki.

Za a ce matsalar tsaro ce, kuma gaskiya ne jihar Tillaberi ta shafe shekaru cikin dokar ta-ɓaci, har da hana hawa babur a wurare da dama. Sai dai motocin kasuwa ba su daina zuwa Balleyara ba.

Babban cikas ɗin takarda ce. Yaron da ba shi da takardar haihuwa ba zai samu lasisin hukumar FENIFOOT cikin sauƙi ba, wanda ba shi da lasisi kuwa tamkar bai taɓa buga ƙwallo ba a idon FIFA. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe domin ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, amma sai wadda sunanta ke cikin rajista za ta ga ko dala. Dokar ta kuma hana fitar da yaro zuwa ƙungiyar wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da wasu 'yan dalilai. Ke nan ƙungiyar gida na da shekaru shida da babu mai ƙwace mata yaro ta halastacciyar hanya. Waɗannan shekaru ne ake bari suna wucewa a banza, har yaron ya bi ayarin ci-rani.

Nijar ta ga amfanin abin da idonta. Moussa Maazou daga AS FAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, shekara guda bayan haka CSKA Moscow ta saye shi, yana kuma cikin waɗanda suka kai Mena gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013. A Senegal, Sadio Mané daga ƙauyen Bambali ya fito, ya bi ta makarantar Génération Foot zuwa Metz. Mohammed Kudus ɗan Nima ne a Accra, makarantar Right to Dream ta ɗauke shi yana yaro.

Ƙungiyoyin masu kaki suna da abin da waɗancan makarantu ba su da shi: suna iya nuna wa uba cewa ko ƙwallo ba ta yi ba, ɗansa na iya samun hanyar aiki. A gidan da ake jiran kuɗin ɗan ci-rani kafin a sayi buhun hatsi, wannan magana ta fi labarin Turai nauyi.

'Yan asalin yankin da ke waje su ma da nasu. Kuɗin kofi da riguna na gasar hutu ɗaya, in aka karkata wani ɓangare, zai taimaka wajen yi wa yara takardar haihuwa a kotu da yi wa ƙungiyar gari rajista a hukumance. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya sa hannu a Beljiyam, kason zai sauka a Balleyara.