Masu Nutso a Bahar Maliya, Masu Nutsewa a Kududdufi

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na leƙa Nassarawa GRA domin in gaida wani tsohon abokin karatuna. Tun kafin in ajiye kofin ruwan da aka kawo mini, mutumina ya zaro waya ya shiga nuna mini hotuna. Ga shi nan shi da 'ya'yansa a ƙarƙashin teku, can Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar, kowa na goye da tulun iska, ga tabarau ya rufe fuska, ga takalmi falan-falan kamar ƙafar agwagwa, kifaye kala-kala sai gilmawa suke yi. Na ce, "Alhaji, abu ya yi kyau. To amma yaran nan sun taɓa hawa Dala kuwa?" Sai ya dube ni kamar na tambaye shi ko suna tallar goro. Wai me za su je yi a wurin da 'yan shaye-shaye suka mayar ɗakin kwana, ga ƙazanta ko'ina?

Ba ƙarya ya yi ba, mai karatu. Kuma ni ba hassada nake yi masa ba, kuɗinsa ne, in ya ga dama ya je ya yi nutso a birnin Sin. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a garin nan namu kalma guda ta rabu biyu: ɗan mai hali yana nutso don nishaɗi, ɗan talaka yana nutsewa don bai iya ruwa ba.

Duk wanda ya san bazarar Kano ya san abin da nake faɗa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, wuta ba ta zama, ɗaki ya koma tanda. Ina yaron Kurna ko Ɗorayi zai sa kansa ranar da babu makaranta? Sai kududdufi, wato ramin da kakanninsa suka haƙa suka yi tubali, wanda ba wanda ya san zurfinsa, ƙasansa kuma taɓo ne mai riƙe ƙafa. Shekara ba ta fita ba mu ji a rediyo jami'an kashe gobara sun tsamo gawar yaro ba. Mu ce Allah Ya jiƙansa, kwana ya ƙare, shi ke nan. Wanda ya fito da rai kuma ya taho gida da tsargiya.

Ko mun manta da Bagwai? Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwalekwale ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a madatsar ruwa ta Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Su wa suka faɗa ruwa neman su? Masunta da gwanayen iyo na yankin, da numfashin da Allah Ya ba su kawai. Tulun iskar da ake hayarsa a Masar don kallon kifi, da a ce yana hannun waɗannan bayin Allah tare da horo, ai da ya yi aikin da ya fi ɗaukar hoto.

Abin takaicin ma shi ne ba rasa wuraren muka yi ba. Babban titin da ya ratsa Nassarawa sunan Audu Bako yake ɗauke da shi, gwamnan da ya riƙe jihar nan daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka gina madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974, aka yi otal a bakin tafkin Bagauda domin mutum ya ɗauki iyalinsa ya je ya sha iska. Yau harabar Bagauda makarantar horar da lauyoyi ce. Ga Challawa a Ƙaraye, ga duwatsun Rano, ga dajin Falgore da tsoron ɓata-gari ya hana mutane tsayawa. Cikin birni kuwa ga Dala, inda tarihin Kano ya faro tun zamanin Barbushe, ga Goron Dutse yana kallonsa. Mutum ya biya kuɗin jirgi ya je ya hau tsaunin wasu, amma dutsen da yake hangowa daga saman benensa bai san hanyar hawansa ba!

Na san abin da za a ce mini. Wasu su ce iyo ba al'adarmu ba ce, wasan Turawa ne. To Kabawan Argungu fa, da tun 1934 suke bikin kamun kifi, har da gasar nutso da kamun agwagwa da tseren kwalekwale, su ma Turawa ne? Sarkin Ruwa sarauta ce tun kafin a san wani abu wai shi tulun iska. Wasu kuma su ce ruwanmu gurɓatacce ne, ba abin gani a ƙarƙashinsa. Wannan na yarda, wanda ya nutsa a Tiga laka zai gani, ba murjani ba. Ai ni ban ce a kawo Bahar Maliya Bebeji ba. Cewa na yi a koya wa yaro yadda zai kai gaci in ƙasa ta ƙwace wa ƙafarsa.

Kuma da gangan na sa mutanen Nassarawa a gaba, ban tafi wajen gwamnati ba. A unguwar nan kwamishinoni suke, da manyan 'yan kasuwa, da tsofaffin manyan sakatarori. Gidaje nawa ne a cikinta ke da tafkin wanka a bayan katanga, wasu sun bushe, wasu sun yi gansakuka, ba mai shiga sai kwaɗi? Kuɗin tafiya guda ta iyali guda zai biya malamin iyo albashin watanni, ya sayi rigunan kariya ga kwalekwale da dama. Sannan kowa ya san halin ƙasar nan: inda babban mutum yake taka ƙafa, nan ake shara. Da goma daga cikinsu za su riƙa hawa Dala da 'ya'yansu duk Asabar bayan asuba, wallahi ba a wata guda za a kwashe bola, a gyara matakala, a ajiye mai gadi. Su ne suka ƙaurace wa wurin, sannan su dawo suna toshe hanci suna cewa ya lalace.

Duk wannan na zayyana wa abokina kafin in tashi. Ya saurare ni tsaf, ya yi dariya, ya ce har yanzu ban bar rigimata ta makaranta ba. Da ya rako ni bakin get sai yake tambayata ko na san wani mai haɗa biza da sauri, domin hutun Sallah Zanzibar suka nufa, an ce ruwan can ya fi na Masar haske.