SHARHI: Araha Ba Ta Ado A Gyaran Farfelar Ƙananan Jiragen Rimot

Duk wanda ya halarci bikin aure ko taron siyasa a Abuja, Legas ko Fatakwal a 'yan shekarun nan, da wuya bai ji ƙugin wani ɗan ƙaramin jirgi yana shawagi bisa kan jama'a ba. Waɗannan jirage da ake sarrafawa da rimot, wasu samfurin helikwafta, wasu kuma masu farfela huɗu, sun tashi daga kayan wasan 'ya'yan masu hali sun zama jari. Da su masu hoto ke cin abinci, da su ake safiyon filaye, har ma da feshin magani a wasu manyan gonaki.

Sai dai kusan dukkansu, da kayan gyaransu, daga ƙetare ake shigo da su, musamman daga ƙasar Sin. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ragamar farashin Naira a watan Yunin 2023, Dalar Amurka ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura Naira 1,500 a 2024. Saboda haka idan fiffiken farfela ya tsage, abin da ke fara zuwa zuciyar mai jirgi shi ne ya nemi gam ya liƙe, ya ci gaba da lallaɓawa. A ganina wannan tsimi asara ce tsagwaronta, kuma lissafi ne zai tabbatar da haka.

Mu ɗauki helikwaftan rimot mai ɗan girma, wanda faɗin da'irar farfelarsa ya kai mita ɗaya da rabi. Idan farfelar na juyawa sau 2,000 a minti ɗaya, to bakin kowane fiffike yana gudun da ya haura kilomita 500 a awa. A irin wannan gudu, ƙarfin da ke fizgar fiffiken waje ya ninka nauyinsa fiye da sau dubu. Fiffiken da aka yi da zaren kabon ko zaren gilashi kuwa, ƙarfinsa yana cikin zaren ne. Da zarar zaren ya katse, gam zai rufe tsagar ido ya daina ganinta, amma ƙarfin ya riga ya tafi. Ranar da ya ɓalle a sama, jirgin da kyamararsa za su rikito tare, ɓallin kuma ya nufi inda ya ga dama. A watan Satumban 2013, a unguwar Brooklyn ta birnin New York, wani matashi ɗan shekara 19, gwani a wannan fanni, ya rasa ransa bayan da farfelar jirginsa ta sare shi a ka. Lafiyayyar farfela ma haɗari ce, balle wadda aka ɗinke da gam.

Wannan ba ya nufin babu abin da mai jirgi zai iya yi da hannunsa. Alal haƙiƙa, mafi yawan aikin kula da farfela ba ya cin ko kwabo. Kafin kowane tashi, a goge fikafikan, a bi su da yatsa, musamman gindinsu inda kusa ke riƙe da su, domin nan tsaga ta fi ɓuya. A auna su a kan ƙaramin sikeli; idan ɗaya ya fi sauƙi, a manna masa ɗan salatif har nauyinsu da matsayin rinjayensu su zo daidai. Idan suna juyawa aka ga bakinsu ya rabu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sai a daidaita 'yar sandar da ke karkata fiffiken. Kusoshin kuma kada a ɗaure su tamau, kada a bar su sakwaf. Bugu da ƙari, ƙurar hunturu tana cin gaban fiffike da boris, zafin cikin mota kuma yana lanƙwasa na roba, don haka ajiya mai kyau ma gyara ce. Amma idan fiffike ya daki ƙasa ko ya tsage, a sauya duka biyun tare, sannan a duba ko sandar da farfelar ke juyawa a kanta ta lanƙwashe.

Wani zai ce mai ƙaramin jari ba shi da halin zubar da abin da ya saya da tsada, kuma masu sana'ar hannu na Panteka a Kaduna ko na Aba babu abin da ya gagare su. Basirarsu ba abar musu ba ce. Amma fikafikai biyu ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin jirgi da kyamara, kuma wanda ya hana kansa wannan kaso ya jefa jarinsa kacokan cikin caca, ban da diyyar wanda aka jikkata. Mota idan ta lalace takan tsaya a gefen hanya. Jirgi ba shi da gefen hanya.

Tushen matsalar dai shi ne tsadar kaya da ƙarancin ƙwararru, kuma a nan hukuma ke da rawar takawa. A 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ta haramta tashin irin waɗannan jirage ba tare da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro ba. Ya kamata duk mai neman izinin aiki bisa kan jama'a ya riƙa nuna littafin da yake rubuta dubawa da sauyin fikafikansa. Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, na 1971, suna iya shirya gajerun kwasa-kwasai ga matasan da suka riga suka goge a gyaran wayar hannu. Hukumar NASENI kuwa ta haɗa hannu da masana'antun roba na Nnewi da Kano wajen ƙera fikafikan ƙananan jirage, bisa ma'aunin da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, za ta tsayar. Kafin a kai ga haka, a sassauta harajin kwastan a kan kayan gyara, domin sayen sabo ya fi liƙe tsoho sauƙi.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Mai jirgin da ya jefar da tsagaggen fiffike yau, shi ne zai wayi gari gobe da jarinsa a hannu, mutanen da ke ƙarƙashin jirginsa kuma su koma gida lafiya.