Girgizar ƙasa tana da adireshi

Ɓawon duniyar da muke takawa a rarrabe yake zuwa manyan faya-fayai masu motsi a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara. A kan iyakokinsu ne galibin girgizar ƙasa da aman wutar duwatsu suke aukuwa.

Dubi ƙasar Chile. Faifan Nazca da ke ƙarƙashin Tekun Fasifik yana kutsawa ƙarƙashin faifan Kudancin Amurka. Sukan cije shekara da shekaru, ranar da suka kuɓce sai ƙasa ta girgiza. Can ƙasa kuwa, ruwan da faifan mai nutsewa yake saki yana sa dutse ya narke, ya taso ta tsaunukan Andes a matsayin aman wuta.

A 2010 girgiza mai ƙarfin maki 8.8 ta afka wa Chile, ta kashe mutum 500 da 'yan kai. Makonni kafin nan, mai maki 7.0 ta hallaka fiye da 100,000 a Haiti. Gaskiya ne ta Haiti ta auku dab da babban birninta. Amma Chile, wadda ta ga girgiza mai maki 9.5 a 1960, ta tsaurara dokokin gini kuma tana aiki da su.

Kimiyya ba ta iya faɗin ranar girgiza, amma ta daɗe da nuna wurarenta. Don haka hukumar da ta bari aka yi gini da ha'inci a kan iyakar faifai ba ta da hujjar fakewa da ƙaddara.